Kwana Biyu Ina Gadin Gawa

Ina da shekara ashirin da uku aka ba ni kaki. Ni mutumin Ketare ne, ɗan manomi, kuma ba wani dogon buri ya kai ni aikin ɗan sanda ba. Na gama firamare, gonar gidanmu ta yi mana kaɗan mu biyar, na ji ana ɗaukar kurata, sai na je. Lokacin nan kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa. Ko a Ƙanƙara kana gani da idonka: malaman makaranta sun jingine kekuna sun hau babura, rufin kwano yana ta maye na ciyawa, manyan motoci suna wucewa da siminti kamar ba za su ƙare ba.

Da muka gama horo aka tura ni wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, can cikin ƙasar itatuwa. Ofishinmu ɗaki biyu ne na ƙasa, tsohon ma'ajin auduga, ɗaya na aiki, ɗaya na tsare mai laifi. Mu uku ne a ciki. Akwai Saja, dattijo mai furfura wanda ya fara aiki tun zamanin 'yan doka, akwai Kofur, mutumin kudu da Hausarsa ba ta nuna ba, sai ni. Ƙauyuka da unguwannin da ke ƙarƙashinmu, in ka ce za ka zaga su da ƙafa, sai ka yi mako ba ka gama ba. Kayan aikinmu kulki uku ne, ankwa ɗaya, da tsohuwar bindiga da ban taɓa jin ƙararta ba. Keke ɗaya ne, shi ma na Saja ne, da albashinsa ya saya.

Babban ofishinmu na yanki, wanda ba zan faɗi garinsa ba, an ba shi sabbin motoci biyu masu ƙarfi, irin waɗanda aka ƙera don laka da daji. Sau ɗaya na ga ɗayarsu a ƙauyenmu, da rani, ranar da babban jami'i ya zo duba mu. Ya leƙa ɗakunan biyu, ya ce bel ɗina bai sha mai ba, ya yi mana alkawarin ƙarin mutum huɗu da mota, ya sha ruwa ya tafi. Saja ya raka shi da sara har motar ta ɓace, sannan ya koma ya zauna.

Yawancin aikinmu ƙanana ne. Akuya ta shiga gona, an sace jaki, an yi faɗa ranar kasuwa. Mukan tafi a ƙafa, mu iske masu unguwa sun riga sun sasanta, mu sha fura mu dawo. Na yi kusan shekara a haka har na fara ganin aikin ba shi da wuya.

Cikin damina ta biyu, ana tsakiyar huɗa, Kofur ya tafi raka wani ɓarawon shanu kotu, tafiyar da ke cin kwana huɗu zuwa da dawowa. Muka rage mu biyu. Da hantsi wani Bamaguje ya shigo, dogon mutum, laka har gwiwa. Na san shi, yakan kawo doya da barkono kasuwa. Ya ce an sari maƙwabcinsa a fadama, kuma a gabansa aka yi. Ruwan da aka yi daren jiya ya kwanta a gonar wani mai hali na unguwarsu, sai mutumin ya fasa kunya ya saki ruwan cikin shinkafar maƙwabcin nasa. Maƙwabcin, wanda matashi ne, ya zo ya toshe, mai halin ya sake fasawa, magana ta yi zafi, sai mai halin ya ɗaga galma ya buga mashi a ka.

Muka rufe ofis da kwaɗo muka bi shi. Saja ya fi tura keken fiye da hawansa. Sai bayan azahar muka isa.

Mun iske wanda aka sara da ransa. An kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da zauren gidan mahaifinsa, an ɗaure kan da rawani, jini ya rina shi har ya yi baƙi. Bai fi ni shekaru da yawa ba. Matarsa na tsaye bakin ƙofa da goyo. Saja ya durƙusa ya tambaye shi wa ya yi mashi haka, ya faɗi sunan mutumin sau biyu, a hankali, muka ji duka. Daga nan bai ƙara magana ba. Numfashinsa ya riƙa ja yana tsayawa, kafin la'asar ya cika.

Mahaifinsa tsoho ne siriri mai gajeren gemu, kowa Malam yake ce mashi, domin shi ke karantar da yaran unguwa da rani. Wannan ne ɗansa namiji guda. Ya shafa idanun mamacin ya rufe su, ya yi salati, ya juya ya ce a kira liman, a aika a fara haƙa, rana ba ta faɗi ba tukuna.

Saja ya ja shi gefe, ni ina bayansu. Ya gaya mashi cewa wannan kisa ne, babbar kotu za a je, kuma kotun ba ta karɓar maganar kisa sai likita ya duba gawa ya rubuta abin da ya kashe ta. In aka rufe yau, gobe lauya zai ce ciwo ne ya kashe shi, ko faɗuwa ya yi. Malam ya tambaya ina likitan yake. Saja ya ce yana asibitin gari, sai an ɗauki gawar an kai mashi. Malam ya tambaya yaushe za a kai. Saja ya ce yanzu zai hau keke ya fita bakin titi, ya tari mota zuwa babban ofis, gobe da hantsi motar hukuma na nan.

Bamagujen nan yana da shanun huɗa da amalanke. Ya ce a ba shi gawar ya ɗora, su kama hanya tun yanzu, ko da kwana biyu za su yi. Saja ya ce a'a, shanu a cikin wannan laka ba za su kai ba sai gawa ta lalace, mota kuwa awa kaɗan ce. Ni ma na ga maganarsa daidai ce. Na sha tuna wannan amalanken daga baya.

Sauran matsala ita ce wanda ya yi saran. Bai gudu ba, yana zaune a zauren mai unguwa, ya canza riga, yana cewa tsautsayi ne. Saja ba zai iya goya shi a keke ba, kuma in ya kai shi ofishinmu ba wanda zai tsare shi. Don haka ya sa mashi ankwa, ya damƙa shi amana ga mai unguwa, ya ce mani duka biyun suna wuyana: kada a taɓa gawa, kada mai laifi ya fita. Gidan Malam yana gabas da unguwa, zauren mai unguwa yana yamma, tsakaninsu tafiyar da za ka karanta Fatiha sau talatin. Ya ba ni mabuɗin ankwar, ya naɗe ƙafar wandonsa ya tafi.

Haka na kwana ina kai da kawowa. Washegari da hantsi na tsaya bakin hanya ina saurare. Duk wani gurnani da na ji daga nesa sai in ce ita ce, sai ya zama hadari ne ke haɗuwa a kudu. Mutane sun cika ƙofar gidan Malam, sun zo jana'iza daga unguwanni na kusa, sun bar huɗarsu. An riga an haƙa kabari tun jiya, ruwa ya fara taruwa a ciki, ana kwashewa da ƙwarya. Liman ya zo wurina sau biyu. Da farko ya yi mani nasiha cikin ladabi cewa haƙƙin mamaci ne a gaggauta rufe shi. Karo na biyu ya tambaye ni ko ni musulmi ne, ko ubana yana raye. Na ce duka biyun haka ne, amma umarni aka ba ni. Ya dube ni ya tafi.

Damina ce, da zafi mai ɗanshi. Kafin azahar ƙudaje suka gano ɗakin. Mata suka zuba yashi mai sanyi a ƙasa, suka jera ganyen bedi, wato dogon yaro, suka turara ɗakin da duk abin da ke gidan. Zuwa la'asar ba abin da turaren ke iya ɓoyewa. Masu zaman makoki suka riƙa ja da tabarminsu baya kaɗan kaɗan, har suka koma gindin tsamiyar da ke tsallaken hanya. Malam kaɗai bai motsa ba. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin da mafici, yana kore ƙuda daga zanen da aka lulluɓe ɗansa.

Ba wanda ya zage ni, amma an daina gaishe ni. In na wuce sai hira ta tsaya. A can zauren mai unguwa kuwa an kawo wa mai laifi tuwo da miyar kaza daga gidansa, ya roƙe ni in kwance mashi hannu ɗaya ya ci, na kwance, na tsaya a kansa har ya gama, na mayar. Ƙanensa, wani ɗan kasuwar auduga, ya zo a kan sabon babur ja, ya gaishe ni da fara'a, ya ce ai mu duka 'yan uwa ne, ya miƙo mani goro na ƙi karɓa.

Abin da ban manta ba shi ne, duk wannan hali, daga gidan Malam ake kawo mani abinci. Matar mamacin ce ke ajiye kwanon a bakin zaure, ba ta dubana. Ban iya ci ba, kuma na ji kunyar mayar da shi a cike, sai na riƙa zuwa bayan danga ina ba kaji.

Da yamma Malam ya kira ni. Ya ce ya yi wa Saja alkawarin jira har hantsi, hantsi ya wuce, amma zai ƙara mana dare ɗaya, domin ba ya son jinin ɗansa ya tafi a banza. Na yi mashi godiya. Ban san abin da ya sa na yi godiya ba, amma ita ce ta fito.

Safiya ta uku na leƙa ɗakin. Ba zan faɗi abin da na gani ba, sai dai zanen da aka lulluɓa ya ɗaga ya yi tsawo, kuma yashin ƙasa ya jiƙe. Na fita na yi amai a bayan gida. Da na dawo Malam yana tsaye yana jirana, liman da dattawa huɗu suna bayansa.

Ya ce, "Yaro, na jira hukuma kwana biyu. Wanga da ke ciki ni na yi mashi huɗuba ran da aka haife shi, yanzu ban iya gane fuskarshi. In za ka harbe ni, ka harbe ni, amma yau zan rufe ɗana."

Ba ni da bindiga, tana kulle a ofis, shi ma ya sani. Na duba hanya har inda idona ya kai, ba komai sai wata mata da itace a ka. Na cire hulata na ce, "Baba, ku rufe shi."

Ba a iya yi mashi wanka yadda aka saba ba, ruwa kawai aka kwarara daga sama. Likkafanin da aka ɗinka tun shekaranjiya ya yi kaɗan, sai da aka ƙara ƙyalle. Mutane da yawa suka kasa matsowa kusa da makara, masu ɗauka suka yi ƙaranci, sai na sa kafaɗata. Bamagujen ma ya ɗauka har bakin maƙabarta, sannan ya koma gefe ya tsaya ana salla. Da kakina na bi sahu. Muka sa shi a kabarin da gindinsa laka ce, aka jera itace, aka mayar da ƙasa.

Muna cikin addu'a na ji ƙarar babur daga yamma. Na san ko mene ne tun kafin in fara gudu. Na iske zauren mai unguwa ba kowa sai tabarma da buta. Mai unguwa ya ce shi ma yana wurin jana'iza, ai ba zai ƙi jana'izar ɗan unguwarsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, na gan shi a sahu. An ce mutumin ya hau bayan ƙanensa da ankwar a hannu, ya rufa mata babbar riga.

Bayan la'asar Saja ya iso, yana tura keke, shi kaɗai. Ya dubi mutane suna watsewa, ya dubi ƙasar da ke jikin wandona, bai tambaye ni komai ba. Muka zauna a gindin tsamiya ya ba ni labari. Ya isa babban ofis tun daren ranar farko. Ya tarar mota ɗaya ta bi ayarin wani babban baƙo da ya zo buɗe wani gini, ɗayar kuma an ce ta tafi aiki na musamman. Wani direba ya raɗa mashi cewa kwanon rufi ta kai garin maigidansu, inda yake gini. Aka ce ya jira. Ya kwana biyu a kan benci. Ya je tasha ya roƙi direbobin haya, duk wanda ya ji gawa ce, kuma ya ji sunan hanyar, sai ya ce motarsa ba ta da lafiya. A rana ta uku wani sufeto ya ce mashi ya koma ya kawo gawar ta kowace hanya, su ba su da mota. Da ya gama sai na gaya mashi mai laifi ya tsere. Ya sunkuyar da kai ya ce da ma ya sani mutum ɗaya ba ya tsare ƙofa biyu, shi ya bar ni a haka.

Bayan mako guda mutumin ya kai kansa babban ofis da ƙafarsa, tare da lauya, ya mayar da ankwar a cikin leda. Aka tsare shi, aka shiga kotu. Malam ya je zama uku, kowane zuwa sai ya yi tafiyar yini a ƙafa kafin ya sami mota. Saja ya faɗi abin da mamacin ya gaya mashi. Bamagujen ya faɗi abin da ya gani. Lauya ya tambaye shi ko yana shan burkutu, ya ce yana sha. Ya tambaye shi ko ya sha ranar, ya ce da safe ba ya sha sai ya tashi daga gona. Mutanen kotu suka yi dariya. Lauya ya ce an yi dambe ne, matashin ya zame a laka ya faɗa kan kututture, kuma ya nemi a nuna takardar likita da ta ce ba haka ba ne. Ba takarda. Ni ma an kira ni, aka tambaye ni wa ya ba ni izinin a rufe gawa, na ce ba kowa. Bayan wasu watanni aka sallami mutumin.

Ni kuwa an gurfanar da ni a ofis kan laifi biyu, barin a binne shaida da barin mai laifi ya tsere. Wanda ya yi mani shari'ar shi ne jami'in da ke gini a garinsu. Saja ya nemi ya yi magana a kaina, aka ce ba a tambaye shi ba. Aka hana ni ƙarin girma na shekaru, aka mayar da ni wani wuri mai nisa. Saja ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya koma noma. Kofur ya zauna shi kaɗai a ofishin nan har wata shida kafin a turo mashi wani.

Labarin unguwar ya riƙa iso ni a guntu-guntu. Malam ba shi da mai noma mashi fadama, sai ya bar ta, wanda aka sallama ya shuka rake har cikinta. Matar mamacin ta koma gidan iyayenta da yaron. Bamagujen ya tashi da iyalinsa ya koma wajen Sabuwa, an ce zaman ya gagare shi bayan shaidar da ya bayar. Kofur ya gaya mani cewa daga wannan shekarar mutanen yankin suka daina kawo ƙarar jini. In an kashe mutum sai su rufe shi kafin rana ta faɗi, sauran kuma su ji da shi a tsakaninsu. Sau biyu yana jin labari bayan an yi sadakar bakwai.

Shekara tara bayan haka na zo hutu gida, na je kasuwar 'Yankara sayen rago, na haɗu da limamin unguwar. Ya gane ni, ya gaishe ni da kyau, ya ce Malam yana nan da rai, idonsa ya tafi, yana zaune wurin ɗiyarsa a wani ƙauye kusa da Faskari. Washegari na ari babur na je.

Na iske shi a kan buzu a inuwar rumbu. Na faɗi ko ni wane ne, ya riƙe hannuna bai saki ba. Muka gaisa, ya tambayi iyayena, na gaya mashi mahaifina ya rasu, ya yi mashi addu'a. Sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana son ya tambayi wanda ya sani.

"Da na ƙara haƙuri kwana ɗaya, motar nan da ta zo?"

Na ce, "Baba, ko mako ka ƙara ba za ta zo ba. Sun riga sun ce wa Saja ba su da mota."

Malam ya murza yatsuna. Ya ce shekarun nan duka yana ganin kamar shi ya ɓata shari'ar ɗansa da gaggawa, wani lokaci kuma yana ganin shi ya wulaƙanta gawarsa da jira, bai san wanne zai nemi gafara a kai ba. Na ce mashi ba laifinsa ba ne ko ɗaya. Ya ce to, ya ji.

Ɗiyarsa ta kawo fura muka sha. Ya tambaye ni yadda dawa ta yi a wajenmu bana, na gaya mashi, muka yi hirar taki da tsadarsa har la'asar. Na yi sallama na tafi. Da daminar da ta biyo baya aka aiko mani ya rasu, ina bakin aiki, ban sami zuwa gaisuwa ba.